Wasa a Ajin Manya: Matsayin Wasanni Wajen Koyar da Turanci a Jami'o'in Ƙasar Sin

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce amfanin ilimi aiki da shi. Babu kuwa ilimin da wannan magana ta fi dacewa da shi kamar ilimin harshe, domin shi harshe a baki yake rayuwa, in an bar shi a takarda kawai sai ya sandare. Sinawa suna da wani laƙabi da suka yi wa irin Turancin da ɗalibansu da yawa ke fita da shi daga makaranta, wanda in an juya shi zuwa Hausa sai a ce "Turancin bebe". Abin nufi shi ne ɗalibi ya iya karanta littafi, ya san ƙa'idojin nahawu, ya ci jarrabawa da maki mai yawa, amma da zarar baƙo ya tare shi da tambaya sai baki ya mutu.

Daga cikin magungunan da aka kawo wa wannan cuta akwai shigar da wasanni da ayyukan ƙungiya cikin darasin Turanci na jami'a. Wasu malamai sun karɓi abin hannu biyu-biyu, wasu kuwa suna ganin raini ne da ɓata lokaci a tara samari da 'yan mata masu neman digiri a ce su yi wasa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne wasa yana da gurbi a ajin jami'a, har ma da wuya a warkar da Turancin bebe ba tare da shi ba, amma fa da sharaɗi: sai wasan da ke tilasta wa kowane ɗalibi ya buɗe baki ya faɗi abin da abokinsa bai sani ba. Duk wasan da ya gaza wannan, to, masu suka sun yi gaskiya a kansa.

Asalin Matsalar

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1977 ƙasar Sin ta maido da jarrabawar shiga jami'a bayan an dakatar da ita shekaru kusan 10, sa'an nan a 1978 ta buɗe ƙofarta ga cinikin duniya. Tun daga lokacin Turanci ya zama tsani na hawa sama. A 2001, shekarar da ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ma'aikatar ilimi ta ba da umarni a fara koyar da Turanci tun daga aji 3 na firamare. Ke nan ɗalibin da ya bi wannan tsari yakan shiga jami'a da shekara 10 na darasin Turanci a bayansa, watau 4 a firamare da 6 a sakandare.

A jami'a kuma wata jarrabawar ce ke jiransa, wadda ake kira CET. An fara matakinta na huɗu a 1987, na shida kuma a 1989, ana kuwa yin ta sau biyu a shekara. Tana gwada sauraro da karatu da rubutu da fassara, kuma masu ɗaukar ma'aikata da dama sukan tambayi sakamakonta. Gwajin magana bai zo ba sai a 1999, shi ma a ware yake, ba dole ba ne ɗalibi ya shiga. To, abin da ba a tambaya a jarrabawa, ina dalilin da zai sa malami ko ɗalibi ya ɓata dare a kansa? Saboda haka darasi ya zama malami ya ɗauki nassi ya bi shi jimla-jimla, yana fassarawa yana warware nahawu, ɗalibai suna rubutawa suna haddacewa. Wannan hanya ta haifar da makaranta nagari, amma ba ta haifar da masu magana ba, domin ba a gina ta don haka ba.

Lissafin Lokaci

Hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan wasa ta lissafi ce, kowa kuma yana iya yin ta da alƙalami. A ɗauka aji yana da ɗalibai 40, darasi kuma minti 90 ne. A ɗauka malami ya ci minti 60 wajen bayani da karatu da kiran suna, ya bar minti 30 domin ɗalibai su yi magana. Idan ɗaya bayan ɗaya za su yi, kowa ya miƙe ya amsa tambayar malam ya zauna, to, rabon kowane ɗalibi daƙiƙa 45 ne. Idan ana haɗuwa sau biyu a mako har mako 16, ɗalibi zai ƙare zango da minti 24 na magana da Turanci. Ba a taɓa jin wanda ya iya tuƙin mota ko ɗinki da aikin minti 24 a wata huɗu ba.

Yanzu a ɗauki waɗannan minti 30 ɗin, a raba ajin biyu-biyu, a ba kowane biyu aikin da ba zai yiwu ba sai da magana. Nan take rabon ɗalibi ya tashi daga daƙiƙa 45 ya koma minti 15, watau ninki 20, a zango kuwa awa 8. Ba a ƙara malami ba, ba a ƙara ɗaki ba, ba a sayi na'ura ba. Sai dai akwai wata matsala: in an ce wa mutum biyu "ku yi hira da Turanci", bayan jimla uku za su yi shiru, ko su koma Sinanci, domin babu abin da ɗaya ke nema a wurin ɗaya. A nan ne wasa ke shigowa. Aikinsa shi ne ya samar da dalilin magana, ya sa mata ƙa'ida, ya sa mata iyaka, ya kuma sa a san lokacin da aka gama.

Akwai kuma batun tsoro. A 1986 Elaine Horwitz ta Jami'ar Texas a Amurka da abokan aikinta sun bayyana irin fargabar da ke kama mai koyon baƙon harshe a aji, suka nuna cewa tsoron a yi wa mutum kallon wanda bai iya ba yana daga cikin jigoginta. Ɗalibin da aka tsayar a gaban mutum 39 yana tuna mutuncinsa kafin ya tuna kalma. Wanda kuwa ke magana da abokinsa ɗaya, a cikin hayaniyar aji inda kowa ke ta kansa, kuskurensa ba ya wuce kunne biyu.

Wane Irin Wasa?

Mai karatu ya san yadda kacici-kacici yake. Daɗinsa duka yana ga cewa ɗaya ya san amsa ɗaya bai sani ba, kuma in amsar ta riga ta fito wasa ya mutu. Wannan shi ne asirin wasan koyon harshe mai amfani: a sami giɓi tsakanin abin da wannan ya sani da abin da wancan ya sani, giɓin da ba ya cikewa sai da magana. Wani malami ɗan Indiya, N. S. Prabhu, wanda ya jagoranci wani gwajin koyar da Turanci a makarantun Bangalore da kewaye daga 1979 zuwa 1984, ya kasa irin waɗannan ayyuka gida uku: giɓin labari, da giɓin tunani, da giɓin ra'ayi. Ya yi amfani da abubuwa kamar jadawalin jirgin ƙasa da taswira, inda ɗalibi zai yi lissafi ya gano hanya, harshe kuwa ya shiga kansa yana cikin neman mafita.

Alal misali, a ba ɗalibai biyu taswirar gari ɗaya, amma a goge sunayen wasu wurare a ta wannan, a goge wasu dabam a ta wancan, a hana su leƙa ta juna. Tilas ɗaya ya tambaya, ɗaya ya kwatanta, in ba a fahimta ba a sake. Ko kuma a yanka labari gida huɗu, a ba kowane ɗan ƙungiya yanki ɗaya ya karanta, a karɓe takardun, sa'an nan a ce su haɗa labarin da baki. Tushen wannan dabara yana komawa ga Elliot Aronson, wanda ya fara ta a makarantun birnin Austin na Amurka a 1971. Kyanta shi ne babu mai iya laɓewa, domin in mutum ɗaya ya yi shiru labari ya ɓalle a tsakiya.

Wani wasan kuma an gina shi a kan tuhuma. Ɗalibai biyu su fita waje su shirya labarin inda suka kasance jiya da dare, sa'an nan a shigo da su ɗaya-ɗaya, 'yan aji su yi musu tambayoyi suna neman inda bakinsu zai saɓa. Wanda bai san Sinanci ba zai ɗauka nishaɗi ne kawai. Amma aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa domin nuna lokaci, saboda haka shuɗaɗɗen lokaci na Turanci yana cikin abubuwan da suka fi zille wa Basine in yana magana da sauri. Har wa yau, wakilin suna na namiji da na mace a Sinanci furucinsu ɗaya ne, watau "ta", a rubutu kaɗai suke rabuwa, don haka ɗalibi kan kira mace da na namiji bai ma ji ba. A cikin minti 20 na wannan wasa za a yi tambayoyi da dama a kan abin da ya shuɗe, a kuma yi ta ambaton "shi" da "ita", ga shi kuwa kuskure yana da sakamako, domin yana iya sa a kama wanda ake tuhuma.

Akwai kuma aikin da Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ya yi nazari a kansa a 1989, wanda ake kira 4/3/2. Ɗalibi zai ba abokinsa wani bayani cikin minti 4, ya sauya aboki ya maimaita shi cikin minti 3, ya sake sauyawa ya faɗe shi cikin minti 2. Maimaici yana sa kalmomi su zo kusa, sabon mai sauraro yana hana gundura, ƙarancin lokaci kuma yana kore inda-inda.

A gefe guda kuma akwai wasannin da suka ɓata wa sauran suna. Akwai wanda malami ke zana gurabun haruffa a allo ɗalibai suna cankar harafi ɗaya-ɗaya. A yi minti 15 ana dariya, amma abin da ya fito daga bakin ɗalibi bai wuce sunan harafi ba. Akwai gasar da ake raba aji biyu a ce wanda ya riga amsawa ya ci, inda haziƙai uku ko huɗu ke cinye fili, sauran su zama 'yan kallo, alhali kuwa su ne aka fi buƙatar su yi magana. Haka nan manhajar Kahoot!, wadda ta fito daga ƙasar Norwe a 2013, tana da amfani wajen bitar kalmomi da gano abin da aji bai gane ba, amma ɗalibi da yatsa yake amsawa, ba da harshe ba. Wanda ya cika darasin magana da ita ya maido da Turancin bebe ne cikin sabuwar riga.

Hujjojin Masu Suka

Masu suka suna da hujjoji huɗu, kuma babu wadda ta cancanci a yi watsi da ita.

Ta farko ita ce ta al'ada. Suna cewa Sinawa sun gaji girmama malami da littafi tun daga koyarwar Konfushiyas, sun kuma shafe ƙarnoni suna ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawar haddar littattafai, wadda ba a soke ta ba sai a 1905. A wurin irin waɗannan mutane, in ji su, ilimi abu ne mai nauyi, malamin da ya zo da wasa kuwa ya zubar da girmansa. Wani masani, Guangwei Hu, ya yi rubutu a 2002 a kan yadda wannan gado ke iya cin karo da hanyoyin koyarwa da aka shigo da su daga waje. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. Littafin da almajiran Konfushiyas suka tara na maganganunsa cike yake da tambaya da amsa tsakanin malami da ɗalibai. Sa'an nan a shekarar 2000 William Littlewood ya wallafa sakamakon tambayoyin da ya yi wa ɗalibai a ƙasashen Asiya da na Turai, inda ya gano cewa ɗaliban Asiya ba su nuna sha'awar zama shiru suna karɓa kawai ba. Bugu da ƙari, ba baƙi ne kaɗai suka kawo wannan tunani ba. Malama Li Xiaoju ta Cibiyar Harsunan Waje ta Guangzhou ta jagoranci rubuta littattafan koyar da Turanci ta hanyar sadarwa domin Sinawa, ta kuma kare hanyar a rubuce tun 1984. Shirun ɗalibi sau da yawa tarbiyyar aji ce, abin da aji ya koyar kuwa aji na iya sauya shi.

Ta biyu ita ce ta jarrabawa. Ɗalibi na iya cewa shi CET ce a gabansa, me wasa zai ƙara masa? Amsa ita ce malami ya ɗebo kayan wasan daga cikin manhajar da za a yi jarrabawa a kanta. Nassin da za a yanka gida huɗu ya zama na littafin aji ne, kalmomin da za a yi ta juyawa su zama waɗanda ake sa ran gani a takarda. Masu nazarin tunani sun daɗe da tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu daga ka ya fi sake karanta shi kafa shi a zuciya, wasa mai kyau kuwa tunowa ne daga farko har ƙarshe. Ke nan ba a ɗauke wa jarrabawa lokacinta ba, hanyar bita aka sauya.

Ta uku ta fi sauran nauyi. Ana cewa in an bar ɗalibai su kaɗai, kurakuran juna za su kwasa, har su daskare a bakinsu. Shi kansa Prabhu bai yarda da raba aji ƙungiya-ƙungiya ba saboda irin wannan tsoro. Abin da ya faru a Kanada ma abin lura ne. Tun 1965 aka fara koyar da yara masu jin Turanci darussansu da Faransanci a lardin Quebec, amma Merrill Swain ta nuna a 1985 cewa bayan shekaru suna fahimta sosai, nahawunsu kuwa a magana da rubutu bai kai ba. Ta ce sai an matsa wa mai koyo ya faɗi magana daidai, ba a bar shi a kan "ai an gane" ba. Darasin da ke nan shi ne wasa rabin aiki ne. Yayin da ɗalibai ke magana, wajibi ne malami ya zagaya da takarda yana rubuta kurakuran da suka fi yawa, ba tare da ya katse kowa ba. In an gama ya rubuta biyar ko shida a allo, ba tare da ambaton mai su ba, a gyara tare, sa'an nan a sake wasan da sabon aboki. Malamin da ya tsallake wannan mataki ya yi shuka bai yi noma ba.

Ta huɗu ta shafi malaman da kansu. A jami'o'in Sin da yawa an saba malami ɗan ƙasa ya riƙe darasin karatu da nahawu, baƙo daga waje kuma a ba shi darasin magana. Wani baƙon yakan zo ba shi da horo mai zurfi, bai san manhajar ba, bai san Sinanci ba, sai ya ga babu abin da ya fi sauƙi kamar ya cika awa da raha. Ɗalibai za su so shi, amma ba za su ɗauki darasinsa da muhimmanci ba, daga nan kuma sai sunan wasa ya ɓaci a sashen baki ɗaya. Laifin a nan na tsari ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kamata ya yi malaman biyu su zauna su daidaita, abin da aka karanta a darasin wannan ya zama shi za a yi magana a kansa a darasin wancan.

Girman Ɗalibin Jami'a

Wajibi ne a tuna cewa ɗalibin jami'a babba ne. Yana karanta injiniya ko likitanci ko shari'a da harshensa, tunaninsa ya yi nisa, Turancinsa ne kawai ya rage a baya. Kuskure ne babba a auna hankalinsa da ma'aunin Turancinsa, a kawo masa wasan 'yan firamare na jifa da ƙwallo da waƙar sunayen dabbobi. Abin da ya dace da shi shi ne a sauƙaƙa harshe a bar tunani da nauyinsa. Masu karatun kasuwanci a raba su mai saye da mai sayarwa, kowa da farashin da ba zai wuce ba a ɓoye a takardarsa, su yi ciniki har su daidaita. Masu karatun likitanci ɗaya ya zama majiyyaci da alamomin cuta a rubuce, ɗaya ya yi ta tambaya har ya gano ta. Masu injiniya ɗaya ya riƙe zane ya kwatanta, ɗaya ya zana bai gani ba, a ƙarshe a gwama. Duk waɗannan wasanni ne, domin suna da ƙa'ida da buri da ƙarshe, amma kowannensu gwaji ne na ranar da ɗalibin zai tsaya gaban baƙo a bakin aikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka kuma babba yana da haƙƙin a gaya masa dalili. Minti ɗaya ya isa malami ya ce ga abin da za a yi, ga ƙa'idar nahawun da ake so ta zauna, ga inda za ta yi amfani. In ma kalmar "wasa" ce ke sa ɗalibai ɗaure fuska, sai a kira shi aiki ko gwaji, ba abin da ya ragu.

Kammalawa

A yau wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana fassara nassi, tana gyara nahawu, tana ba da ma'anar kalma cikin ƙiftawar ido. Yawancin abin da malami ke kashe minti 60 yana yi a gaban allo, ɗalibi na iya samunsa a ɗakin kwanansa. Abin da aji ya fi waya da shi shi ne mutane 40 a ɗaki ɗaya, masu fuska da murya, waɗanda za a iya yi wa magana su amsa. Jami'ar da ta tara su ta sa su yi shiru ta yi asarar abu mafi tsada da take da shi.

Saboda haka kafin malami ya shigar da kowane wasa aji, ya kamata ya yi wa kansa tambayoyi uku. Mutum nawa ne za su yi magana a lokaci guda, kuma na minti nawa? Me ɗaya ya sani wanda ɗaya bai sani ba, har da zai sa dole a yi maganar? Wane gyara ne zai biyo baya in an gama? Wasan da ya amsa waɗannan uku ya cancanci lokacin ɗalibin jami'a, ko a Bejin ko a Shanghai. Wanda ya kasa amsa su kuwa a bar shi a filin wasa, a koma ga littafi, domin karatu na gaskiya ya fi raha marar amfani.